Akori-kurar da ke bayan gidanku

Wanda duk ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano ta Tashar Yari lokacin kakar rake, ko ya shiga Ikara ana tsakiyar tsinkar tumatir, ya san ta. Tsohuwar Fijo ce akori-kura, gindinta ya kusa taɓa ƙasa saboda lodi, an ɗaure ƙofa da igiya, amma tana tafiya. Mu a wurinmu jakar gona ce. A wasu ƙasashen kuwa sa'o'inta na can a ɗakin adana kayan tarihi, masu shirya fim na biyan kuɗi su yi hayarsu.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960, ya biyo ta da 504 a 1968. A 1975 aka fara haɗa Fijo a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wato a ƙofar gidanmu, a shekarar da aka fara haɗa Boswaja a Legas. Bayan kashe Janar Murtala Muhammed a cikin Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar manyan ma'aikata. Daga nan ta sauko tasha. Doguwar mai kujeru layi uku ta yi shekaru tana jigilar mutanen Makarfi, Hunƙuyi da Paki zuwa Zariya da Kano. Abin da ya sa ta karɓu ba ɓoyayye ba ne: tana da tsayi daga ƙasa, tana jure gargada, kuma bakaniken ƙauye zai kwance injinta a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar.

To, ina haɗinta da fim? Mai kallo ba ya buƙatar a rubuta masa shekara a majigi. Yana ganin motar da ta wuce ya san zamanin da ake ciki, ya kuma san matsayin wanda ke cikinta. Masu fim na Amurka da Ingila sun daɗe da gane haka. Aston Martin DB5 da James Bond ya tuƙa a Goldfinger na 1964 ta yi suna kamar ɗan wasan kansa, har aka sayar da ɗaya daga cikin irinta a gwanjo a 2019 kan sama da dala miliyan 6. Boswaja mai lamba 53 ita ce jarumar The Love Bug na 1968. DeLorean kuwa kamfaninta ya riga ya durƙushe kafin Back to the Future na 1985 ya dawo da sunanta bakin mutane. Mu da muka tashi da kallon Indiya ma mun san farar Ambassador, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1958 zuwa 2014. Da ta tsaya a ƙofar gida ka san minista ko babban ɗan sanda ya iso.

A nan gida, finafinai irin su October 1 na Kunle Afolayan da '76 na Izu Ojukwu sai da suka nemo motocin zamanin da suke ba da labari. Kannywood, da ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta fi karkata ga mota mai ƙyalli da ke shiga gida mai get. Ba laifi ba ne. Sai dai ranar da wani darakta zai so ya nuna rayuwar malamin makaranta a Kudan a 1980, ko amarya da ake kaiwa Ikara a bayan akori-kura ana guɗa, ina zai samo motar?

Nan gizo ke saƙar. 'Yan jari-bola na bin ƙauyuka, kuma su ba ruwansu da tarihi, sikeli suka sani. Motar da ta kai alhazan gari filin jirgin Kano sai a faskare ta a auna. Ban ga laifin mai sayarwa ba idan yunwa ta matsa, amma sau da yawa ba yunwa ba ce, an gaji ne da ganinta kaji na ƙwai a ciki.

Adana ta ba ya cin kuɗi sosai. A samu rumfa a kare ta daga ruwa da rana, a ɗora ta kan duwatsu don kada tayoyi su ruɓe, a riƙa tayar da injin lokaci-lokaci, a ajiye takardunta da tsohuwar lambarta. In za a yi fenti, a mayar mata da launinta na asali. Marsandin Murtala na nan a gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsasai a jikinta, mutane na zuwa kallo, don kawai an hana a taɓa ta.

Saboda haka mai karatu, idan akwai Fijon Baba a bayan gidanku, kafin ka kira mai sikeli ka ɗauki hotonta, ka zauna da dattawan gidan su ba ka labarinta, sannan ku yi shawara.