Digirin Kwamfuta: Hanyar Ɗan Magajin Gari

Ɗalibi ɗan mazaɓar Magajin Gari a Birnin Gwari da ke son digirin kimiyyar kwamfuta yakan nufi Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya. Karatun shekara huɗu ne.

Kafin nan sai ya haye jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, nan gumi ke fara keto masa.

Lissafi ne ƙashin bayan karatun, sai rubuta manhaja da tsara rumbun bayanai, sannan zuwa koyon aiki a ma'aikata. Sadarwa ce babbar damuwar ɗalibin idan ya dawo hutu: a 2021 gwamnati ta katse layukan waya a yankin tsawon makonni saboda 'yan bindiga.