Ko Kun Sani? Tseren Keke a Kan Burji

Tuƙa keke a hanyar burji yanzu wasa ne mai gasar duniya. An yi ta farko a Italiya a 2022, a Kansas ta Amurka kuwa tun 2006 ake tseren mil 200 a hanyoyin karkara, da kekuna masu faffaɗar taya.

Manomin Tsafe ko Bunguɗu zai yi dariya, don irin hanyar da yake bi kullum ke nan, da buhun dawa ɗaure a kariya. Kogin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau da Bunguɗu, shi ke tsara tafiyar. Da rani sai an sauka an tura keken cikin yashi kafin a kai fadama. Da damina laka ta cika madigadi, taya ta ƙi juyawa sai an ƙwaƙule da tsinke. Ƙaya kuma ta ba mai faci abinci.

Hanyoyin gindin Dutsen Kwatarkwashi sun isa a yi gasa a kansu, sai dai matsalar 'yan bindiga ta sa ko manomi yana shiga da fargaba.