Bindiga a kan moto a Amurka: kwaɗo ɗaya ne tsakanin mai bin doka da ɗan kaso

Idan aka haɗa bindiga da moto cikin zance ɗaya a nan Nijar, babu wanda gabansa ba ya faɗuwa. Mutanen karkarar Madarumfa da Gidan Rumji sun san abin da ƙarar babura ke nufi in dare ya tsala. A jihar Diffa an hana hawan moto a 2015 bayan hare-haren Boko Haram, a Tillaberi ma aka kafa irin wannan doka a watan Janairu na 2020. Ƴan kabu-kabu da dama sun rasa abin yi, mata masu kai kaya kasuwannin ƙauye kuwa sun koma ga amalanke ko tafiyar ƙasa.

To amma akwai ƙasar da mutum zai tashi ran Asabar da safe, ya karya kumallo, ya ɗauki ƙaramar bindigarsa, irin wadda muke ce wa pistole, ya hau motonsa ya nufi filin koyon harbi, kamar yadda wani zai tafi kallon kokowa. Ya biya kuɗin shiga, ya toshe kunnuwa, ya sa tabarau, ya yi ta harbin takardar da aka rataye har harsashinsa ya ƙare, ya koma gida. Wannan ƙasa ita ce Amurka. Tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba ɗan ƙasa ƴancin riƙe makami, kuma wata cibiyar bincike da ke birnin Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato bindigogin sun fi mutanen yawa.

Mai jin wannan sai ya ɗauka can kowa sakaka yake. Ba haka ba ne. Mallakar bindiga daban, fita da ita kan titi daban. Kuma duk cikin masu fita da ita babu wanda ya fi mai moto shiga tsaka mai wuya, don kuwa waɗanda suka rubuta dokokin da mota suka yi tunani.

Mota tana da but, moto ba shi da shi

A 1986 majalisar dokokin Amurka ta yi wata doka don kare matafiyin da zai ratsa jihohi da bindigarsa. Dokar ta ce in ya halatta ka riƙe ta a inda ka taso, ya kuma halatta a inda za ka, to jihohin da ke tsakani ba su da ikon kama ka, bisa sharaɗi biyu: bindigar ta kasance babu harsashi a ciki, sannan ita da harsasan su kasance inda hannun mutanen da ke cikin motar ba zai kai gare su da sauƙi ba. Ga mai mota abin ba wuya, ya buɗe but ya jefa ya rufe. In kuwa abin hawan ba shi da wani ɓangare da ya rabu da mazaunin direba, dokar ta ce sai a sa cikin akwati mai kulle, kuma ta cire ɗan akwatin nan na gaba da ake ajiye takardun mota, ta ce shi ba ya cikin lissafi.

Mai moto fa? Duk abin da ke kan moto kusa da hannun mai tuƙi yake. Ba shi da but, ba shi da ƙofa. Saboda haka abin da ya rage masa shi ne akwati mai kulle, kuma a nan gardamar take: mene ne akwati mai kulle?

Jihar Kalifoniya, wadda ke cikin masu tsananin doka, ta fayyace abin. Ta ce abu ne mai ƙwari wanda ya rufu ruf ta kowane gefe, aka kuma kulle shi da kwaɗo, ko makulli, ko kulle mai lambobi. Ke nan akwatunan roba ko na ƙarfe da ake ɗaura wa manyan babura a gefe ko a baya, masu makullinsu, su ne suka fi kusa da abin da doka ke nufi. Jakunkunan fata kuwa masu maɗaurin bel, waɗanda masu Harley-Davidson ke ado da su, komai kyansu ba kulle ba ne, yaro ma zai iya zura hannu. Jakar goyo ita ce ta fi rikitarwa: tana jikin mutum, ɗan sanda na iya cewa ɓoye bindiga ka yi a jikinka ba tare da izini ba. Shi ya sa masu koyar da harkar ke ba da shawara ɗaya: a cire gidan harsashi, a ja a duba babu ko ɗaya da ya maƙale a ciki, a sa bindigar cikin ƙaramin akwatinta a danna kwaɗo, sannan a sa akwatin cikin jakar moto ko ta goyo. Harsasai kuma a ba su nasu mazubi.

Duk ƴar kasuwar da ta taɓa ajiye cinikin wuni ta san bambancin ƙullin bakin zane da akwatin ƙarfe. To wannan bambanci ne alƙalin Kalifoniya ke dubawa. Wanda aka samu da ɓoyayyar bindiga ba bisa ƙa'ida ba, ko da laifinsa na farko ne, yana iya shan kaso har shekara 1, ko tarar dala 1,000 ta Amurka, abin da ya haura jika 500 na kuɗinmu, ko duka biyun. Kwaɗon da zai tsare shi daga wannan bai kai kuɗin man da zai sha a hanya ba.

Sai kuma wata damuwa da mai mota bai cika sani ba. In mai moto ya tsaya sayen ruwa, ko dai ya bar akwatin a kan moto a bakin titi inda ɓarawo zai iya ɓalle shi, ko ya shiga da shi kanti. Da yawa suna ɗaure akwatin da igiyar ƙarfe a jikin moton. Waɗansu kuma sun ɗauki hanya mafi sauƙi, ba sa tsayawa ko'ina sai ƙofar filin harbi.

Jiha 50, doka 50

Waccan doka ta 1986 ta matafiyi ce mai ƙetare iyakar jiha. Wanda zai tashi daga gidansa zuwa filin harbi na cikin garinsu, dokar jiharsa ce ke kansa, kuma kowace jiha da nata hali. Fiye da rabin jihohin yanzu sun yarda baligi marar tabon laifi ya ɗauki ƙaramar bindiga a jikinsa ba tare da neman takardar izini ba. Teksas ta shiga sahunsu a 2021. A can mai moto yana iya ɗaura bindigarsa cikin kube a ƙugu, da harsashi a ciki, ya wuce ɗan sanda ya ɗaga masa hannu.

A Niyu Jasi kuwa, wanda ba shi da izinin yawo da bindiga an yarda ya kai ta filin harbi, amma babu harsashi a ciki, a rufe cikin akwati ko ƙunshi mai ɗauri, kuma ya bi hanya miƙe. An yi masa uzurin tsayawa shan mai, ko sayen abinci, ko kewayawa, amma ba a yarda ya biya gidan aboki ya wuni ba. Birnin Niyok ya taɓa fin haka tsanani: mai izinin ajiye bindiga a gida ba ya iya kai ta ko'ina sai filayen harbi 7 da ke cikin birnin. Sai da aka kai ƙara har Kotun Ƙoli kafin hukumomin birnin su sassauta a 2019.

Mu da muke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina mun san cewa kayan da ke halal a wannan gefe na iya zama na fasa-ƙwauri a wancan. Amma mu aƙalla akwai shinge, akwai duwan, akwai mai tambayarka abin da ka ɗauko. Tsakanin jihohin Amurka babu kowa, allo ne kawai a bakin hanya mai yi maka maraba. Mai moto zai iya haye gada cikin minti 5 ya tashi daga mai bin doka ya koma mai babban laifi bai sani ba.

Abin da ya sami Shaneen Allen ke nan, ko da yake ita a mota take. Uwa ce mai ƴaƴa 2 a birnin Filadelfiya, ta sayi bindiga bayan an yi mata fashi har sau biyu, kuma tana da cikakken izini na jiharta Pensilbaniya. A watan Oktoba na 2013 ta ƙetara Niyu Jasi, ɗan sanda ya tsayar da ita kan ƙaramin laifin tuƙi. Da bakinta ta gaya masa tana da bindiga a jaka, ta nuna takardarta. Ashe takardar ba ta aiki a can. Aka kama ta, ta yi makonni a tsare, aka ce in laifin ya tabbata mafi ƙarancin hukunci shekara 3 da rabi ne. Sai da jama'a suka yi ca, daga baya gwamnan jihar Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015.

Ko kariyar 1986 ma ba ta da faɗi yadda ake zato. A 2005 wani matafiyi daga jihar Yuta ya rasa jirginsa a filin jirgin Newark, ya karɓi kayansa da bindiga a kulle ciki, ya kwana a otel. Da safe ya koma ya sanar da ita kamar yadda doka ta ce, sai aka kama shi. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce da ya kwana da jakar a ɗaki, bindigar ta zama kusa da hannunsa, kariyar ta faɗi. Ku duba halin mai moto da dare ya riska a irin wannan jiha: ya bar akwati a waje ɓarawo ya ɗauke, ko ya shiga da shi ɗaki doka ta kama shi.

Akwai kuma dokar tarayya ta 1990 da ta hana wucewa da bindiga cikin tazarar kusan mita 300 daga harabar makarantar yara, sai ga mai izinin jihar ko wanda bindigarsa ke a kulle babu harsashi. A cikin birni da wuya mutum ya yi tafiyar kilomita 10 bai gifta lakkol ba. Nan ma kwaɗon ne ke ceto.

In ɗan sanda ya ɗaga hannu

Waɗansu jihohi sun wajabta mai bindiga ya faɗa da kansa da zarar an tsayar da shi, waɗansu sai in an tambaya. Abin da ake koya wa masu moto shi ne su kashe inji, su bar hannuwa biyu a kan kan moton inda ake ganinsu, su faɗi inda bindigar take, kada su kai hannu jaka sai an ce su kai. A ganinmu a nan ne akwatin mai kulle ya fi kowane amfani, don mutumin da bindigarsa ke bayan kwaɗo ba ya ba ɗan sanda tsoro. Tsoron nan kuwa yana kisa. A watan Yuli na 2016 a jihar Minesota, Philando Castile, baƙar fata mai aiki a ɗakin abincin wata makaranta, mai takardar izini, ya gaya wa ɗan sanda yana ɗauke da bindiga. Cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a mazauninsa, a gaban budurwarsa da ƴarta mai shekara 4. Kotu ta wanke ɗan sandan a 2017.

Duk wannan bayani na ƴan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Iyaye mata da alhazai masu ƴaƴa ko ƙanne a can, ga wurin da ya fi shafarmu. Tun 2025 ƙofar bizar Amurka ta ƙuntata ƙwarai ga ƴan Nijar, amma akwai namu da suka riga suka shiga, waɗansu da bizar karatu, waɗansu da ta ziyara, waɗansu kuma tasu ta ƙare suna nan suna fafutuka. A Niyok samarin Afirka ta Yamma da yawa kan moto suke wuni suna kai abinci gida-gida, ɓarayi na tare su, kuma ba a rasa abokin da zai ce su nemi abin kare kai. Dokar tarayya ta haramta wa wanda ya shiga da bizar ɗan lokaci ya riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin ƴan keɓance-keɓance, kamar mai lasisin farauta na wata jiha. Wanda ba shi da takarda kuwa babu wata ƙofa gare shi. Riƙewa a nan ba ta nufin saye kaɗai: aron ta aboki, ko hayar ta awa ɗaya a filin harbi, ko ɗaukar wa wani akwatinsa a bayan moto, duk suna iya shiga ciki.

Hamid Rehaif ɗalibi ne daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ya je karatu Falorida. Jami'ar ta sallame shi, izinin zamansa ya faɗi, bai bar ƙasar ba. A 2015 ya je filin harbi ya gwada bindiga 2. Bai yi wa kowa barazana ba, takarda ya harba. Aka yanke masa wata 18. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2019 ta ce dole masu ƙara su tabbatar mutum ya san matsayin zamansa ya hana shi riƙe makami. Haramcin kansa bai motsa ba, a 2022 ma aka ɗaga mafi girman hukuncinsa daga shekara 10 zuwa 15, kuma baƙon da aka samu da wannan laifi, in ya gama zaman kaso, abin da ke jiransa shi ne a sa shi jirgi a maido shi gida.