Iskar Da Ke Bisa Lolo Da Sanyin Ƙasashen Turai

Manomin shinkafa na Lolo, can bakin Kogin Kwara cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, daf da iyakar Jamhuriyar Benin, iska biyu ya sani: ta hunturu mai ƙura, da ta damina mai kawo hadari. Amma akwai ta uku da ba ta taɓa jikinsa, domin tana kaɗawa ne kimanin kilomita 20 zuwa 30 bisa kansa, ta yi wa tsakiyar duniya ɗamara. Lolo tana gefen wannan ɗamara.

Abin mamakinta shi ne juyawa. Sai ta yi wata da watanni tana tasowa daga gabas, sa'an nan ta koma tasowa daga yamma, zagaye guda kuwa yakan ɗauki kimanin wata 28. Tun cikin 1908 wani Bajamushe, Arthur Berson, ya saki balan-balan kusa da Tafkin Biktoriya, ya tarar da iskar yamma inda ake zaton ta gabas ce kaɗai. Sai a 1961 masana a Amurka da Ingila suka bayyana cewa juyawa take yi.

A 1980 James Holton da Hsiu-Chi Tan suka nuna cewa tasirinta na kaiwa har ƙarshen duniya na arewa. Can, da hunturu, wata ƙaƙƙarfar iska takan kewaye sanyi ta tsare shi kamar shinge. In iskar tsakiyar duniya daga gabas take, shingen yakan yi rauni, sanyi ya fi samun hanyar kwararowa Turai. In daga yamma take, yakan yi ƙarfi.

A nan ne kwamfutocin kirdadon yanayi suke tuntuɓe. Da yawa cikinsu yanzu suna iya kwaikwayon juyawar iskar, amma alaƙarta da shingen arewa takan fito da rauni, ba kamar yadda awo ya nuna ba. Daɗin daɗawa, a farkon 2016 iskar ta saɓa al'adarta, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara awonta, bai kuwa zo cikin kirdadon masana ba.

Batun bai tsaya ga Turawa ba. Bincike ya nuna cewa yanayin iskar hunturu bisa Tekun Atlantika ta arewa, wadda shingen nan ke da hannu a kanta, yana da alaƙa da yawan ƙurar da ke tashi daga Sahara.