Guzurin bita: Wa zai biya wa masu adana tarihin Borno kuɗin koyon fasahar zamani?

A daren 9 wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye wani babban sashe na Maiduguri. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga asibitin koyarwa na jami'a, ya kashe mafi yawan dabbobin gandun Sanda Kyarimi, ya kuma raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Rabon birnin da ambaliya irin wannan tun 1994. Da ruwa ya janye, an lissafa rayuka da gidaje da gadoji. Sai dai akwai asarar da ba ta lissafuwa, wato ta littattafai da takardu da hotunan da ke ajiye a ɗakunan malamai da akwatunan iyalai, domin abin da ba a taɓa rubuta shi a kundi ba, babu mai iya ƙirga shi ranar da ya salwanta.

A nan ne batun fasahar dijital a gidajen adana kayan tarihi ya daina zama maganar ado. Ma'aikacin da ya iya ɗaukar hoton kaya yadda ya kamata, ya shigar da bayaninsu a kwamfuta, ya ajiye kwafi a wani gari, ya riga ya ceci rabin abin tun kafin ruwa ko wuta ko ɓarawo ya zo. Ana koyon wannan ne a tarukan bita, kuma galibinsu ana yin su ne nesa da Borno. Tambayar ita ce wa zai biya kuɗin zuwa, kuma wa za a tura.

Abin da ke cikin haɗari

Arewa maso gabas ba ƙaramin gado take riƙe da shi ba. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwalen da bincike ya nuna ya kai kimanin shekaru 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus ne suka yi aikin tono shi. A Dikwa akwai sansanin Rabe, wanda ya mayar da garin hedkwatarsa kafin Faransawa su kashe shi a 1900. A Sukur, cikin jihar Adamawa, akwai wurin da ya fara shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO daga Najeriya, a 1999, wanda kuma mayaƙan Boko Haram suka kai wa hari a 2014. A Maiduguri kanta, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, NCMM, tana da gidan tarihi, ban da ɗimbin rubuce-rubucen hannu da ke wurin zuriyoyin malamai.

Borno ta riga ta ga amfanin kwafi. A ƙarshen shekarun 1950, masanin nan ɗan Ingila A.D.H. Bivar ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai na Borno, masu ɗauke da sharhi a tsakanin layuka cikin tsohon harshen Kanembu. Bayan kusan rabin ƙarni, waɗannan hotuna ne suka zama harsashin binciken da Dmitry Bondarev da abokan aikinsa suka gudanar a makarantar SOAS ta Landan. Aikin mutum ɗaya da kyamara ya buɗe wa duniya ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun rubuta harshen Afirka da haruffan Larabci.

A wasu wuraren kuwa, rashin kwafi ne ya bar darasi. A watan Janairun 2013 an ƙone dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu. A ranar 2 ga Satumba, 2018, gobara ta cinye mafi yawan kayan gidan tarihi na ƙasar Barazil, mai ɗauke da abubuwa kusan miliyan 20. A duk wuraren biyu, abin da aka ɗauki hotonsa tun farko bai mutu gaba ɗaya ba.

Inda tallafin yake

Ƙofofin tallafi suna nan. Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, wadda aka kafa a 1946, takan bai wa mambobinta tallafin halartar taruka, kuma tun 2013 tana da cibiyar horaswa a gidan tarihi na fadar sarakunan Sin da ke Beijing. Gidan Tarihi na Birtaniya yana da shirin horas da ma'aikatan ƙasashen waje tun 2006. Laburaren Birtaniya, da kuɗin gidauniyar Arcadia, yana ɗaukar nauyin mayar da tsofaffin takardun da ke fuskantar barazana zuwa dijital. Akwai kuma ALIPH, gidauniyar da aka kafa a Geneva a 2017 musamman domin kare kayan tarihi a yankunan da ake rikici.

Sai dai kowace ƙofa da makullinta. Irin waɗannan shirye-shirye sukan nemi shaidar zama mamba, da wasiƙar amincewa daga shugaban ma'aikata, da bayani cikin Turanci kan abin da mai nema zai yi da ilimin. Ko tallafin ya ɗauki tikitin jirgi da masauki, sau da yawa akwai sauran ɗawainiya: fasfo, kuɗin biza, inshora, da tafiya daga Maiduguri zuwa Abuja ko Legas inda ofisoshin jakadanci suke. Ga ma'aikacin da ke ƙaramin mataki, wannan ragowar kaɗai tana iya cinye albashin watanni. Faɗuwar Naira, daga kusan 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, ta ƙara nisanta tafiyar.

Aljihun gwamnati ma ya tsuke. A watan Maris na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙetare da kuɗin gwamnati na tsawon watanni uku, daga 1 ga Afrilu, domin rage kashe kuɗi. Malamin jami'a yana iya neman tallafin halartar taro daga asusun TETFund, amma ma'aikacin gidan tarihi ba ya cikin wannan rukuni, domin asusun na manyan makarantu ne.

Hannun da ke kan fayil

Wannan ya dawo da magana kan teburan Abuja. Mai ba da tallafi yana da ranar rufe karɓar takardu, kuma ba ya jiran fayil. Wasiƙar amincewa da ta kwana makonni uku tsakanin ofishin darakta da na babban sakatare tana iya jawo asarar gurbin da wata ƙasa ta riga ta biya kuɗinsa. Jami'in da ya sa hannu a kan lokaci bai kashe wa gwamnati ko kwabo ba, amma ya samar wa ƙasa ƙwararre.

Sai kuma batun zaɓe. Duk wanda ya san aikin gwamnati ya san yadda ake kallon tafiyar waje a matsayin ladan biyayya, saboda kuɗin guzurin da ke tattare da ita. Bitar fasahar gidan tarihi kuwa aikin hannu ce: saita haske, auna kaya, ba shi lamba, cike bayanansa bisa ƙa'ida irin ta Object ID, wadda aka ƙaddamar a 1997 domin 'yan sanda da jami'an kwastan su iya gane kayan da aka sace. Idan aka tura wanda ba ya taɓa kayan, abin da za a samu shi ne takardar shaida a bango. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda ke buɗe ma'ajiya kowace safiya a Maiduguri shi ya fi cancanta da kujerar.

Bayan an dawo

Horo ba ya aiki shi kaɗai. A farkon 2021 mayaƙa sun lalata turakun layin wutar da ke zuwa Maiduguri daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, har sai da aka gina masa tashar wuta mai aiki da gas wadda aka ƙaddamar a 2023. A irin wannan wuri, tallafin da bai tanadi sola da batir da kyamara da ma'ajiyar bayanai ta biyu ba, ya tsaya a rabin hanya. Ya kamata duk takardar neman izinin tafiya ta zo da ɗan ƙaramin kasafi na abin da za a yi bayan dawowa, da alƙawarin koyar da sauran abokan aiki.

Akwai kuma hanyar da ta fi sauƙi, wato a kawo bitar gida. NCMM tana da cibiyar horas da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos, garin da aka buɗe gidan tarihinsa tun 1952. Jami'ar Maiduguri tana da masana tarihi da na kimiyyar kwamfuta. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas tana da hedkwata a cikin birnin. Kuɗin da zai kai mutum ɗaya Turai yana iya zaunar da mutane da yawa a ɗaki guda a Maiduguri, har da almajiran malaman da ke riƙe da littattafan kakanninsu, waɗanda ba za su taɓa cike fom ɗin neman biza ba.

Kundin Digital Benin, da aka buɗe a intanet a watan Nuwamba na 2022, ya tattara bayanan kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, kuma ya ƙarfafa hujjar Najeriya wajen neman a dawo da kayan Benin. An iya yin sa ne domin an daɗe da rubuta kayan a kundi. Tarihin daular Kanem-Borno, wanda ya haura shekaru dubu, yana jiran irin wannan kundi. Farkonsa bai wuce ma'aikaci ɗaya da ya samu guzuri ba, da wasiƙar da aka sa wa hannu kafin ranar rufewa.