Amanar da ta fi mai riƙonta tsawon rai: aikin masu kula da sharar nukiliya

Mutumin Miga ba ya buƙatar a karantar da shi cewa abin da aka binne ba lallai ne ya zauna inda aka binne shi ba. Duk shekarar da kogin Haɗeja ya tumbatsa, kamar yadda aka gani a 2022, ruwa kan tone juji da masai, ya kwashi abin da wani ya yasar ya kai shi rijiyar wanda bai ji ba bai gani ba. To, ya kai mai karatu, idan wannan ne halin sharar gida wadda ke ruɓewa cikin 'yan watanni, ina ga sharar da cutarwarta ke kai shekara 300? Akwai bayin Allah da tsare irin wannan shara ita ce sana'arsu, kuma wasunsu a Zariya suke.

A Jami'ar Ahmadu Bello akwai Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa, wato CERT. A nan ne tukunyar nukiliya ta farko a Najeriya take, mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004. Ƙarama ce, lokacin da ta fara aiki ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne kacal. Ba lantarki take bayarwa ba, da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma da ma'adinai da abinci. A 2018 aka cire tsohon makamashinta na yuraniyom mai tsananin tacewa, kimanin kilo ɗaya, aka mayar da shi Sin, aka sa mata wanda ba ya yiwuwa a ƙera makami da shi. A cibiyar kuma akwai ma'ajiyar wucin gadi ta kayan nukiliyar da aka gama amfani da su.

Daga ina irin waɗannan kaya suke fitowa? Daga asibitocin da ke gasa ciwon daji, da kamfanonin mai da ke auna cikin rijiyoyinsu, da masu duba ingancin waldar bututu, da masu gina hanya da ke auna ƙarfin daɓe. A cikin kowace na'ura akwai ɗan ƙwayar sinadari, sau da yawa bai fi kan yatsa ba, yana fitar da tururin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halitta. Na'ura takan tsufa a jingine ta, shi kuwa sinadarin bai san an yi ritaya ba.

Tushen ilimin wannan sana'a shi ne cewa wuta ba ta ƙone wannan guba, ruwa ba ya wanke ta, lokaci kaɗai ke rage ta, kuma kowane sinadari da nasa wa'adi. Ayodin-131 yana rasa rabin ƙarfinsa cikin kwana 8, kobalt-60 cikin shekara 5 da 'yan watanni, siziyom-137 cikin kimanin shekara 30. Sai an yi irin wannan rabi sau goma kafin ƙarfin ya koma kusan kashi ɗaya cikin dubu. Saboda haka aikin farko na gwani shi ne tantancewa. Mai gajeren wa'adi a kulle shi a ɗaki har ya huce, a auna, sannan a zubar. Mai dogon wa'adi a sa shi cikin mazubin dalma, ko a daskarar da shi da siminti cikin duro, a rubuta sunansa da ƙarfinsa da ranar awo, a ajiye shi inda ruwa da ɓarawo ba su kaiwa.

Ma'aikacin yana kare kansa da abu uku: taƙaita lokaci kusa da kayan, nisanta, da shamaki. Wanda ya ninka tazararsa sau biyu, abin da ke samunsa ya koma rubu'i. A ƙirjinsa akwai ɗan ma'auni da ke lissafa abin da jikinsa ya sha, kuma ƙa'idar duniya ta iyakance shi ga milisibat 20 a shekara bisa matsakaicin shekara biyar, alhali sauran jama'a iyakarsu 1 ce. Hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa kuma ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisi da bin diddigi.

Wanda yake ganin wannan tsanani ya yi yawa, ya dubi abin da ya auku a birnin Goyaniya na ƙasar Brazil a Satumbar 1987. Wasu mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka ƙaurace wa, suka ɗauke kan injin gasa ciwon daji, suka sayar wa mai gwangwan. Da aka fasa, sai ga gari mai sheƙin shuɗi cikin duhu. Aka yi ta rabawa 'yan'uwa da abokai don sha'awa, ashe siziyom-137 ne. Mutum huɗu suka rasu cikin makonni, ciki har da yarinya 'yar shekara 6. Aka auna mutum kusan 112,000, aka sami gubar a jikin 249, aka rushe gidaje. Ba bam aka jefa ba. Ajiya ce aka bari ba mai gadi.

Wannan labari ya shafe mu kai-tsaye, domin 'ya'yanmu da yawa jari-bola da gwangwan suke ci da su a biranen ƙasar nan. A sanar da su: ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya wuce girmansa, ko mai alamar fukafukai uku kamar na fanka a kan launin ruwan ɗorawa, kada a fasa shi, kada a sa shi aljihu, kada a kai shi gida. A nisance shi, a hana yara matsowa, a sanar da hukuma.

Ɗalibanmu kuwa, ƙofar wannan aiki ita ce lissafi da fizik da kimiyyar sinadarai tun daga sakandare, sannan digiri da horo na musamman. Malamai sun sanya irin wannan ilimi cikin farillan kifaya, waɗanda idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Sai dai sharaɗinsa mafi nauyi ba kaifin ƙwaƙwalwa ba ne, gaskiya ce. Wanda ya rufe duron siziyom yau ba zai ga ranar hucewarsa ba, jikansa ma ba zai gani ba. Wanda zai buɗe ma'ajiyar bayan shekara ɗari ba shi da abin dogaro sai lambar da aka rubuta masa. Idan marubucin ya yi ha'inci ko kasala, ba mai kama shi a duniya, amma wani da ba a haifa ba tukuna zai biya da lafiyarsa.

Allah ya ba mu masu riƙon amana, ya sanya 'ya'yanmu cikinsu.