Numfashi Mai Ƙarfi: Abin da Yake Saukewa da Abin da Yake Bari a Zuciya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da halƙar Ƙadirawa a daren zikiri ya san sautin da ake kira anfasu. Muridai sun jeru kafaɗa da kafaɗa, bandiri yana tashi, mai bege yana rera ƙasida, sannan sannu a hankali ambaton sunan Allah ya bar harshe ya koma ƙirji, har ya zamana ba ka jin komai sai shigar numfashi da fitarsa a tare. Wani hawaye ne zai zubo masa, wani kuma jazabu zai ɗebe shi sai an riƙe shi. In an tashi, da yawansu za su ce maka sun ji kamar an sauke musu kaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano, birni da ƙauye, musamman tun da marigayi Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya bunƙasa zikirin bandiri da maukibin Shehu Abdulƙadir Jilani da ke tara jama'a daga kowace kusurwa ta jihar duk shekara. Saboda haka idan yau saurayi a Bebeji ko Ƙiru ya buɗe wayarsa ya ga Bature yana koyar da haki da gangan don a rabu da baƙin ciki, ba sabon ilimi aka kawo masa ba. Abin da aka kawo masa shi ne numfashin tsurarsa, an cire shi daga jama'a, an cire jagora, an kuma ɗora masa alkawarin waraka. A kan wannan alkawari ne ya kamata a tsaya a yi tunani, domin ƙarfin abin da mutum ya ji a jikinsa ba shi ne ma'aunin samun lafiyarsa ba.

Salon da ya bazu a duniya yana da tarihi sananne. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Cek mai suna Stanislav Grof ya daɗe yana gwada ƙwayar LSD a kan masu ciwon damuwa. Da aka haramta ƙwayar a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, sai shi da matarsa Christina suka nemi hanyar da za ta kai mutum irin wannan yanayi ba tare da ya haɗiyi komai ba. A shekarun 1970, a cibiyar Esalen da ke Kalifoniya, suka tsara zaman da mutum zai kwanta ya yi ta numfashi da sauri da zurfi na tsawon awa biyu zuwa uku, kiɗa mai ƙarfi yana tashi, wani yana zaune a gefensa yana lura da shi. Daga baya Wim Hof, mutumin Holan da ya yi suna wajen jure ƙanƙara, ya yaɗa nasa salon: a ja numfashi mai zurfi sau 30 zuwa 40 a jere, sannan a riƙe. Nasa ne ya fi yawo a YouTube da TikTok, don gajere ne, kuma tasirinsa nan take ake jin sa.

Tasirin kuwa gaskiya ne, kuma likitoci sun san dalilinsa tun da daɗewa. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Mutane suna zaton haki yana cika jini da oksijin, alhali jinin mai lafiya dama kusan a cike yake da shi. Abin da haki ke yi shi ne kwashe iskar kabon, wadda muke fitarwa, fiye da ƙima. Idan ta yi ƙasa, sai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su tsuke, jinin da ke isa can ya ragu. Daga nan jiri yake zuwa, da ganin walƙiya, da jin kamar jiki ya yi sakayau yana shawagi. Ma'aunin sinadaran jini ma yana karkacewa, kalsiyam ɗin da jijiyoyi ke aiki da shi ya ragu, shi ya sa leɓɓa da tafin hannu ke yin kamar ana tsira musu allura, yatsu su lanƙwashe su ƙandare. A cikin wannan hali linzamin da hankali ke riƙe da zuciya yana sassautawa, sai kukan da aka daɗe ana dannewa ya ƙwace. Masu koyar da abin a intanet sukan ce ƙandarewar yatsu alama ce ta tsohon ciwon zuciya yana fita. Ba haka ba ne. Wanda bai taɓa ganin tashin hankali ba a rayuwarsa, in ya yi haki na minti goma, yatsunsa na iya yin haka. Kuma a nan akwai abin da ya kamata iyaye da malaman makarantun kwana su riƙe: yarinyar da tsoro ya kama ta fara haki tana iya nuna waɗannan alamu duka, jiri da ƙandarewa har da suma, kuma sau da yawa abin da take buƙata da farko shi ne a janye taron da ya yi mata rumfa, a kwantar mata da hankali ta sassauta numfashi, sannan a kai ta a duba lafiyarta.

To, ko wannan girgiza tana warkarwa? Binciken da ake da shi ya karkata ne zuwa wani ɓangare da masu talla ba su cika ambata ba. A 2023 masana a Jami'ar Stanford sun gwada mutum fiye da 100 na tsawon wata guda, kowa minti biyar a rana. An raba su: wasu haki da riƙe numfashi, wasu numfashi daidai-wa-daida, wasu zaman natsuwa kawai, wasu kuma ajiyar zuciya, wato a shaƙa ta hanci, a ƙara shaƙa kaɗan a kai, sannan a saki ta baki a hankali har ƙirji ya sauka. Masu ajiyar zuciyar ne suka fi samun walwala. A shekarar dai, wasu masana a Ingila sun tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum 785, suka ga cewa motsa numfashi yana rage damuwa, amma ragin matsakaici ne ko ƙasa da haka, kuma mafi yawan gwaje-gwajen a kan numfashi mai sanyi aka yi su. Dalilin ma a fili yake: duk lokacin da mutum ya tsawaita fitar da numfashi, bugun zuciyarsa yana raguwa. Akwai gwajin da aka yi a Jami'ar Radboud ta Holan a 2014 wanda magoya bayan Wim Hof ke yawan kafa hujja da shi, amma matasa 12 ne masu ƙoshin lafiya aka horar, kuma garkuwar jiki aka auna, ba baƙin ciki ba.

Mai karatu na iya cewa, ai ni na ga wanda ya gwada, ya yi kuka, ya tashi wasai. Ba a musa masa ba. Kuka yana da daɗi ga wanda ya daɗe bai samu wurin yin sa ba, balle a cikin al'ummar da ta horar da namiji a kan cewa hawaye abin kunya ne, ta kuma horar da mace a kan haƙuri ko da zai kashe ta. Amma a dubi inda damuwar mutanen ƙasar Kano take fitowa. Manomin shinkafa a Tudun Wada da ya ci bashin taki, kaka ta zo farashi ya faɗi. Makiyayin da aka kore wa shanu a dajin Falgore a shekarun da ɓarayi suka addabi yankin. Iyalin da aka taɓa sace musu mutum a hanyar Kano zuwa Jos, har yau ƙarar babur da dare tana tsinka musu zuciya. Wanda ke cikin irin wannan hali zai iya samun sauƙin dare ɗaya, gari ya waye bashin yana nan, tsoron yana nan. Abin da ya fi wannan muni shi ne, ga wanda ya ga mugun abu da idonsa, haki mai tsanani yana iya dawo masa da abin sabo fil, da bugun zuciya da shaƙewa irin na ranar, kuma in yana shi kaɗai a ɗaki da waya a hannu, babu mai dawo da shi. Buɗe miki abu ne mai sauƙi, wanke shi da ɗaure shi ne aikin.

Ɗan ɗariƙa kuma zai ce, kana so ka mai da halin da bayin Allah ke samu a zikiri ya zama lissafin iskar kabon ke nan? A'a. Sanin abin da ke faruwa a cikin jini bai ce komai ba game da niyyar mai zikiri ko matsayinsa a wurin Ubangijinsa, kamar yadda sanin abin da yunwa ke yi wa hanta bai rage wa azumi lada ba. Wannan fage ne na malamai. Abin da mai nazarin lafiya zai iya gani da idonsa shi ne tsarin da ke kewaye da numfashin, kuma a nan halƙa ta fi bidiyon waya nesa ba kusa ba. Akwai muƙaddami da ke ɗaga zikirin ya kuma sauke shi, ba a barin sa ya tafi babu iyaka. Akwai 'yan'uwa a dama da hagu da za su tare wanda ya yi luuu zai faɗi. Ana rufewa da addu'a, a zauna, a gaisa, wani lokaci a ci abinci tare. Mutanen da suka ga hawayenka su ne waɗanda za su zo maka jaje gobe, su yi maka karo-karo jibi. Kuma malaman tasawwufi da kansu sun daɗe suna gargaɗin cewa hali abu ne mai zuwa ya wuce, ba a auna muridi da yawan faɗuwarsa sai da gyaruwar ɗabi'unsa. Grof ma, a nasa tsarin, bai yarda mutum ya yi shi kaɗai ba, kuma yana tace waɗanda za su shiga. Kasuwar intanet ce ta zubar da waɗannan shingaye ta riƙe abin da ke jan 'yan kallo.

Daga ɗaya ɓangaren akwai waɗanda ba su yarda da bandiri da anfasu ba tun asali, kuma muhawararsu da 'yan ɗariƙa ta girmi kafuwar Izala a Jos a 1978. Wannan rubutu ba zai raba wannan gardama ba. Abin da ya dace a faɗa musu kawai shi ne kada ƙin wancan ya sa su ƙi sassauta numfashi a lokacin fushi ko firgici, domin wannan aikin jiki ne irin na shan ruwa da miƙe ƙafa, ba ibadar kowa ba ce.

Sai batun haɗari, wanda a nan ƙasar ya fi na Turai nauyi. A asibiti, idan ana neman tabbatar da farfaɗiya, ana sa majiyyaci ya yi haki na kimanin minti uku da gangan don a tayar da alamun ciwon a gani a na'ura. Ma'ana, haki yana iya tayar da farfaɗiya. Kuma wannan gwajin ba a yi wa mai sikila shi, saboda tsukewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa na iya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. A ƙara da masu hawan jini, waɗanda da yawansu a karkara ba su taɓa aunawa ba balle su sani, da masu ciwon zuciya, da masu asma, da mata masu juna biyu, da wanda ya taɓa samun taɓin hankali. Duk waɗannan, haki ba nasu ba ne, ko a ɗaki ko a halƙa, kuma muƙaddamin da ya san cewa wani muridinsa yana cikinsu ya kyauta in ya zaunar da shi ya yi zikirinsa a natse. Akwai kuma ruwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, yara da samarin Bebeji da ƙauyukan gaɓarta suka tashi da iyo da nutso. Wanda ya yi haki kafin ya nutsa don ya daɗe a ƙasa ya kashe ƙararrawar jikinsa ne, domin taruwar iskar kabon ce ke tilasta wa mutum ya taso ya shaƙi iska. In babu ita, oksijin zai ƙare yana jin lafiya lau, ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ko ɗaga hannu ba. An yi asarar rayuka ta wannan hanya a ƙasashe da dama, har Wim Hof da kansa yana gargaɗin kada a yi salonsa a cikin ruwa ko a kan tuƙi.

Hujja mafi ƙarfi da za a iya kawowa don goyon bayan haki ita ce ta rashi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba ta kai ga sauya wannan ba tukuna. Mutumin Riruwai ko Doguwa da zai je asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sai ya ba da yini guda da kuɗin mota mai tsoka. Wa zai ce masa kada ya yi amfani da abin da ke cikin ƙirjinsa kyauta? Ba wanda ya ce haka. Ya yi amfani da shi, amma ya ɗauki wanda hujja ta fi goyon baya kuma ba ya kayar da kowa: ya zauna, ya shaƙa ta hanci, ya saki a hankali fiye da yadda ya shaƙa, minti biyar safe ko dare. Ya samu wanda ya amince da shi, ɗan'uwa ko aboki ko liman, ya faɗa masa abin da ke cin sa. Idan kuwa rashin barci da ƙin abinci da yanke ƙauna suka wuce mako biyu, ko ya fara jin gara ya mutu, to maganar ta wuce numfashi kowane iri. 'Yan'uwansa su haɗa kuɗin motar su kai shi asibiti.